Gaisuwar da ta sha lita hamsin

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar kasuwar da Manaja Alhasan ya rantse zai kama ɓarawon fetur da hannunsa. Shekarata ta biyu ke nan a wani gidan mai da ke hanyar Nyohini a Tamale, cikin damina. Ku da kuka zo yanzu kun tarar da famfo mai maɓalli, ku danna kuɗi, a ce sidi ashirin, ya tsaya da kansa. Namu na lokacin ba ya tsayawa sai an sake shi, kuma da an rataye nozil, wato kan tiyon, an sake ɗagawa, lambar da ke gaba ta koma sifiri.

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba 'yan aikin ba. Kowane famfo yana da babbar mita a cikinsa wadda ba ta komawa baya. In ka karɓi famfo da safe a karanta ta, ka sa hannu, in za ka tashi a sake karantawa. Abin da mita ta ce ya fita, kuɗinsa za ka kawo. In bai cika ba sunansa shot, a rubuta ka a wani jan littafi, a zare daga albashinka. Kamfani ba ya asarar ko kwabo. Shot babba uku, ka ajiye rigar aiki ka kama hanyar gida.

Ni kuwa ina da biyu, kowanne kuɗin lita ashirin da biyar. Mijina ba ya aiki a lokacin, ga yara uku, albashin nan shi ne tukunyarmu. Na zazzage aljihuna, na zargi canji, na yi mako ba na yi wa Fuseini na famfon dizal magana, bawan Allah bai san laifinsa ba. Muna da kamara guda ɗaya, amma motar Manaja take kallo, don an taɓa kwance masa madubi.

"Rahinatu," in ji Manaja, "fetur ba shi da ƙafa. Ko ki nemo inda yake bi, ko in nemo wadda za ta riƙe famfon."

Wadda ta warware min zancen ba ma'aikaciya ba ce. Inna Dije ce, Bafulatana mai fura da nono da ke zama ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a bakin titi. Ina zaune wurinta raina a ɓace, tana dama min fura, sai ta ce, "Ni dai mai gidan man nan yana burge ni. Tsufa bai hana shi zuwa duba ku ranar kasuwa ba."

Na ce, "Inna, wane mai gidan mai? Mai wurin nan yana kudu, ko ni ban taɓa ganinsa ba."

"Tsohon nan mai jar hula da ake kawowa a motokin. Ki durƙusa masa, direbansa ya cika jarka, ba ya biya. Ba shi ke da wurin ba?"

Wallahi furar nan ban shanye ta ba.

Kasuwar Tamale tana ci duk kwana shida. Ranar kasuwa wani dattijo Badagombe yakan zo a bayan motokin, keken kayan nan mai ƙafa uku, zaune kan kujerar katako tsakanin buhuna da jarkoki. Jikansa ke tuƙi, wani mai gemu da fara'a, kuma man sidi ashirin kawai yake saye. To ni Bahaushiyar zango ce, amma a garin nan aka haife ni, na san ba a gaida babba a tsaye. Da tsoho ya ce "Dasiba," wato ina kwana, zan durƙusa in ce "Naa," ido a ƙasa. Shi kuwa ba ya gaisuwar gaggawa. Sai ya tambayi kwana, sanyi, maigida, yara ɗaya bayan ɗaya, gajiya, ruwan jiya, ni dai naa, naa. Jikan nan sai ya ce, "Sista, kawo in riƙe miki, ki gaida tsoho." Har godiya nake masa. Ashe jarka yake cikawa ta bayan buhu, ya rataye nozil, ya sake ɗagawa, ya zuba na sidi ashirin a tanki. In na miƙe in ga ashirin cif, in karɓa, in ce a sauka lafiya.

Da na kai wa Manaja labari, dariya ya yi har da buga tebur. "Mace da girmanki ki saki famfo ki je kina naa-naa. Aiki daban, al'ada daban. Ni ma Badagombe ne, amma a bakin aiki ban san kowa ba."

Nan ya tsara yadda za a yi. Ranar kasuwa in miƙa nozil kamar kullum, in durƙusa, da na ji jarka ta fara cika in yi tari sau biyu. Shi zai ɓuya bayan kwalayen man inji, ya fito ya kama mutumin da kaya a hannu. Na ce, "Manaja, in man ya tafi fa? Na uku ke nan." Ya ce ko ɗigo ba zai fita ba. Da kansa ya hau tsani ya juyo da kamara ta kalli famfona, don babban ofis su ga yadda ake aiki.

Wajen ƙarfe goma na safe suka iso. Na miƙa nozil, na durƙusa. Muna kan lafiyar maigida na ji ƙarar fetur cikin jarka. Na yi tari biyu. Tsoho ya ce Allah ya sawwaƙe, sanyin damina ne, in nemi citta.

Sai ga Manaja ya fito a guje, tayen wuyansa yana lilo. Saura taku uku ya kai ga jikan, tsoho ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo.

"Kai, ba ɗan Afa Mahama na Tishigu ba ne? Alhasan? Ni na riƙe ragon sunanka."

Ina kallon takalman Manaja suka ci birki. Sai na ga gwiwoyinsa sun sauko kusa da nawa.

"Naa," in ji Manaja.

Tsoho ya samu abin da yake so. Ya yi wa Afa Mahama addu'a, ya tambayi tsohuwar Manaja da ciwon ƙafarta, ya bi 'yan'uwan Manaja da sunansu, har wata gwaggo da ta yi aure a ƙauye. Manaja yana naa, naa, gumi yana bin wuyansa. Ni kuma ta yaya zan miƙe, ga dattijo yana magana, ga shugabana a ƙasa? Na sake tari. Tsoho ya ce tarin nan ya yi yawa. Fuseini ya hango mu, ya ɗauka wani babban sarki ne ya zo, ya baro famfonsa ya zo ya durƙusa shi ma. Mu uku a jere, ido a ƙasa, fetur yana ta waƙa a bayan buhu.

Da aka gama jikan ya miƙo min sidi ashirin da hannu biyu, ya ja motokin. Manaja ya ɗaga musu hannu.

Inna Dije ta leƙo daga ƙarƙashin bishiya ta ce, "Yau jarka biyu ya cika."

Da yamma aka karanta mita, lita hamsin babu kuɗinsu, a famfona. Yanzu muna dariya, amma ranar ba dariya da na shiga ofis. Jan littafin yana buɗe, sunana sau biyu a shafin, Manaja yana juya biro. Tunanin da nake yi kawai, me zan gaya wa yara.

"Doka ta ce mai famfo ke biya," in ji shi, bai kalle ni ba.

Na ce, "Haka ne, Manaja. Sai dai in za a kore ni, babban ofis sukan nemi hoton kamara. Kuma yau ta ɗauka da kyau, tunda kai ka saita ta."

Ya kalli silin. Can ya ce, "Minti nawa na yi a ƙasa?"

"Fuseini ya ce huɗu."

Ya jawo littafin ya rubuta shot na lita hamsin, a gurbin suna ya sa Alhasan. Tun da aka buɗe gidan man nan ba a taɓa ganin sunan manaja a littafin ba. Washegari ya tafi gidan tsohon zai karɓo kuɗinsa. Ya dawo da zabuwa ɗaya a ɗaure da saƙon gaisuwa ga tsohuwarsa. Dattijon bai san komai ba, shi dai ya san jikansa yana son kai shi kasuwa. Manaja ya kasa buɗe baki ya gaya masa. Jikan dai ba mu sake ganinsa ba.

A makon aka kafa sabuwar doka a bango: ba a miƙa wa mai saye nozil, kuma ba a zare shot daga albashi sai an bincika. Nawa biyu na baya ba wanda ya mayar min, wata biyu muna tuwo ba nama. Wannan yana raina har yau. Fetur ɗin da ya fita daga aljihuna sau biyu bai sa an ɗauko tsani ba, sai da ya fita daga na Manaja sau ɗaya aka ga akwai gyara.

Shi ya sa yanzu da nake sufabaiza ba na taɓa jan littafin nan sai na fita na tambayi mai fura abin da ta gani. Ku kuma ban ce kada ku gaida manya ba, a garin nan kuke. Ni ma har gobe in tsoho ya ce "Dasiba" zan durƙusa in ce "Naa." Amma ku duba hannuna na dama, za ku ga nozil a ciki.