Lamba Ɗaya a Jerin Kawu

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne, tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Shagonsa ɗan tsukuku ne, ƙofa biyu tsakaninsa da nawa, inda nake buga wa mutane takardu. In ka shiga, kawunan kekuna ne jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya mai sunan mai shi. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai gwangwanin man keke da ya girme ni. Baƙo a tsaye yake faɗin abin da ya kawo shi, don Kawu ya ce kujera ta biyu surutu take jawowa.

Yana da doka ɗaya da duk telolin layinmu suka sani. In ya kwance keke, waya takan shiga aljihun tebur a kashe mata murya, ba ta fitowa sai ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya ce in ka ɗaga kai ka amsa kira, kafin ka dawo ka manta wane noti ne na ina. Da wannan doka ya yi suna, kuma ita ce ta raba shi da ɗansa.

Ɗan nasa shi kaɗai ne gare shi, Yaya nake ce masa. Shekara bakwai da suka wuce Yaya ya gaji da ganin teloli suna zuwa da tambaya iri ɗaya, zare yana tsinkewa, allura tana tsallake ɗinki, sai ya buɗe wa mahaifinsa shafi a intanet. Kawu ya riƙa faɗa, shi yana rubutawa. Ya kuma haɗa shafin da wani kamfani wanda aikinsa ke nan: da an saka sabon rubutu, ya kwasa ya aika wa duk wanda ya yi rajista ta imel. Kawu bai taɓa riƙe sunan kamfanin ba, ɗan aike yake ce masa. Don a gwada ko abin yana aiki, Yaya ya fara saka nasa adireshin. Shi ya sa ya zama lamba ɗaya a jerin masu karɓa.

Bayan shekara guda Inna, matar Kawu, ta yanke jiki ta faɗi a kicin da hantsi. Yaya ya kai ta asibiti, ya kira mahaifinsa sau goma sha ɗaya. Wayar tana aljihun tebur, Kawu yana cikin keken wata mai ɗinkin labule. Ni a lokacin ban kama shago a layin ba, ballantana a kira ni in ruga in faɗa masa. Kafin ya ɗaure notinsa na ƙarshe ya duba waya, an riga an rufe mata fuska.

Da mutane suka watse daga gidan, Yaya ya haɗa jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Baba, keken dai ya tashi ko?"

Kawu, mutumin da bai iya ƙarya ba kuma bai iya gane inda magana ta dosa ba sai ta wuce, ya ce, "Ya tashi."

Yaya ya koma wani gari, ya sauya lambar waya. A bakin mutane muke jin yana nan lafiya, har ya yi aure.

Daga nan, da na kama shago a layin, rubutun ya dawo hannuna. Duk Talata da rana Kawu yakan shigo shagona yana goge hannu da tsumma, ya tsaya a bayana ya fara faɗa. Yadda ake daidaita kwarkwaro, dalilin da ya sa ba a zuba wa keke man girki, abin da ƙarar feda take nufi. Ba ya ƙawata magana, ba ya gaisuwa mai tsawo. Amma kowane rubutu da layi ɗaya yake rufe shi: "Shago yana nan inda yake, ƙarfe takwas nake buɗewa." Masu karatu sun ɗauka talla ce. Ni na san Yaya bai taɓa rubuta wannan layin ba, bayan tafiyarsa aka fara sa shi.

Ɗan aiken nan yana da wani abu da Kawu ya gano da kansa. In an buɗe saƙo, wani ɗigo kore yakan fito a gaban adireshin mutum. Da mun aika, sai ya ce, "'Yar nan, hau sama mu gani." In hau saman jerin. Ɗigon lamba ɗaya ya zama kore. Ya ce, "To," ya koma shagonsa. Shekara shida muna haka, bai taɓa cewa komai ban da "to" ɗin nan ba.

Akwai abin da na sani ban faɗa masa ba. Wasu akwatunan imel da kansu suke buɗe saƙo su duba shi kafin mai shi ya gani, ko da ba zai taɓa gani ba. Ɗigon Yaya cikin minti ɗaya yake kunnawa, kowace Talata, ba fashi. Na ja bakina na yi shiru. Ban ga abin da zan ƙara wa tsoho ba in na faɗa.

Wata Litinin sanarwa ta zo cewa kamfanin zai rufe ƙarshen wata, kowa ya kwashe jerin mutanensa ya nemi wani wuri. Na karanta wa Kawu sau biyu.

Ya ce, "Ɗan aiken ne ya gaji?"

Na ce, "Ya yi ritaya, Kawu. Kai kaɗai ka ƙi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutanen fa?"

"Suna nan, ɗari uku da goma sha biyu. Na sauke jerin, yana cikin kwamfutata. Sabon ɗan aike kawai za mu nema."

Kwana uku ina dubawa tsakanin masu zuwa buga takardar neman aiki da masu gyaran sunan da aka rubuta musu ba daidai ba. Wani kamfanin yana liƙa tallarsa a ƙasan kowane saƙo. Na nuna wa Kawu, ya ga hoton maganin rage ƙiba a ƙarƙashin rubutun gwaji, ya ce shi ba zai aika wa teloli wannan cin mutuncin ba. Wani kuma kan rubutun kawai yake aikawa, sai mutum ya danna ya je shafi, alhali yawancin mutanenmu a waya suke karantawa da 'yar datar da ba ta kai ta kawo ba. A ƙarshe biyu suka rage, na kira shi ya tsaya a bayana.

Na ce, "Wannan na farko, in na zuba masa jerin, shi ke nan. Talata mai zuwa kowa zai ga saƙo yadda ya saba, ba wanda zai san an sauya. Har ɗigon kore yana da shi."

"Na biyun fa?"

"Shi ba ya karɓar mutum sai ya tambaye shi. Zai aika wa kowa saƙo, kana so ka ci gaba da karɓa? In kana so, danna nan. Wanda bai danna ba cikin kwana goma sha huɗu, sunansa ya fita. Za mu rasa mutane da yawa, Kawu. Mutane ba sa danna abu. Na farkon za mu ɗauka."

Na riga na kai hannu. Ya ce, "Tsaya."

Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, yana murza tsumman nan a hannu. Sannan ya ce, "Wannan dannawar, inji zai iya yi wa mutum?"

Na ce, "A wannan dai a'a. Sai ya danna, ya kuma rubuta wasu haruffa da zai gani. Sai da hannu."

"Shi nake so."

"Kawu, ka gane abin da nake nufi kuwa? In Yaya bai…"

Wannan ne karo na farko da aka ambace shi a gaban kwamfutar nan. Kawu ya ce, "'Yar nan, shekara arba'in ina sauraren keke. Ko sabo fil yakan tsallake ɗinki wata rana. Mutum kuwa yana rashin lafiya, yana tafiya, wayarsa tana mutuwa. Shekara shida, minti ɗaya, ko sau ɗaya bai makara ba? Ɗana ko makaranta bai taɓa zuwa a kan lokaci ba."

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekara ta biyu."

"To me ya sa kake cewa in hau sama?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na saba." Ya ninke tsumman gida huɗu. "Tunda an ce a sake, gara in tambaye shi sau ɗaya."

Na zuba jerin, na danna. Saƙo ɗari uku da goma sha biyu suka fita. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ji komai ba. Wata mata tana jira in buga mata takardar haya, na juya na buga mata.

A ranar farko mutum talatin suka amsa. Mai ɗinkin labulen nan tana cikinsu, ta leƙo da kanta ta ce ta danna har sau uku don kada a ce ba ta yi ba. A sabon wurin, wanda bai amsa ba sunansa toka-toka yake zama, wanda ya amsa ya koma baƙi. Na sa sanarwa ta riƙa shiga wayar Kawu duk lokacin da wani ya amsa, don shi ya nema.

A kwana na uku na shiga kai masa allurar da aka bar masa a wurina, na ga abin da ban taɓa gani ba. Keke a kwance, hanjinsa a waje, waya kuma tana kan tebur kusa da gwangwanin mai, fuskarta a sama. Ta yi ƙara, ya ajiye sukudireba ya duba. Wani tela ne. Ya mayar da ita, ya tsaya yana kallon notoci uku a tafin hannunsa. Na ajiye masa allurar na fita.

A makon nan keke biyu aka dawo masa da su. Wani tela ya tsaya a bakin shago yana cewa, "Baba, lafiya kuwa? Tunda nake kawo maka aiki ban taɓa dawowa ba." Kawu ya karɓa ya ce a zo gobe. Bai ba da haƙuri ba, bai kuma yi musu ba.

Ran kwana na tara na yi abin da ba a sa ni ba. Na rubuta wa Yaya da kaina a wannan adireshin. Na ce Yaya, ni ce, ba sai ka kira ba, ba sai ka zo ba, danna abin nan kawai. Na goge, na sake rubutawa, na aika. Saƙon bai dawo ba, alamar akwatin yana nan da ransa. Amsa ma ba ta zo ba. Ko ya gani ya ƙyale, ko ya bar akwatin tun tuni ya buɗe wani, har yau ban sani ba. Kuma na lura ban ma damu in sani ba, gajiya kawai nake ji.

Kwana na goma sha huɗu ya faɗo ranar Talata. Kawu ya shigo da rana yadda ya saba, ya tsaya a bayana. Na buɗe jerin. Mutum tamanin da bakwai, sunayensu duk baƙaƙe, masu toka-tokan sun tafi. A saman jerin, maimakon na Yaya, wani adireshi ne mai sunan shagon ɗinki, wanda ba mu san ko na wane ne ba.

Na ce, "Kawu, tsohon jerin yana nan a wurina. Zan iya sa a sake tambayarsa. Ko mu koma wancan kamfanin da ba ya tambaya, aikin minti biyar ne."

Ya ce, "An tambaye shi."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayar, ya kashe mata murya a gabana, ya mayar. Sannan ya ce in rubuta. Rubutun ranar a kan bel ɗin keke ne, yadda ake gane ya saki da yadda ake rage shi ba tare da an yanke da yawa ba. Muryarsa yadda take kullum, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ya gama bayanin ƙarshe, bai kawo layin da ya saba rufewa da shi ba.

Yatsuna suna kan maɓallai, har na rubuta "Shago" don hannuna ya saba. Na jira.

Ya ce, "Goge wannan. Aika haka."

Na goge, na aika. Bai ce in hau sama ba. Ya ɗauki tsummansa ya fita, na ji ya ja aljihun teburinsa ya rufe.

Washegari ina share bakin shagona na ji ƙarar ƙofarsa ta ƙarfe tana buɗewa. Na duba agogo, takwas daidai.