Alwalar da na yi a dajin Indiya

Jama'a, shekara arba'in da wani abu ina riƙe da wannan magana. Ko 'ya'yana ba su san ta ba. Yau zan faɗa.

Zamanin farar hula na biyu ne, gwamnatin jiha ta tura ni karatun aikin gona a kudancin Indiya. Ranar da zan bar garinmu Kajiji, Baba ya sa na yi mishi alkawari guda, cewa ba zan taɓa shiga rafi ba. Yayana Umaru ruwan fadama ne ya ci shi.

Dab da hutu, makaranta ta kai mu wani gandun daji. Ni da na saba hango mutum daga nesa, sai ga ni inda rana ba ta taɓa ƙasa. Matsattsaku sun fasa mini ƙafafu, jini har cikin safa. Azahar ta yi, na ga rafi garau, na tuɓe takalmi na shiga har gwiwa na yi alwala.

Kwana goma da wannan na iso gida. Zazzaɓi, sharaɓa kamar ana dukanta da taɓarya, ido ja wur. A asibitin Bodinga anka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Allura uku, babu sauƙi. Ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya fara ɗaukewa.

Anka kai ni Sakkwato. Kowace safiya a ɗebi jini, a auna ɗan fitsarin da ke cikin kwalba. Magani babu a asibiti, sai a kanti. Baba ya sayar da bijiminsa na huɗa. Wallahi na ji tsoro, na ga mutuwa.

Likita ya tambaye ni sau biyu ko na shiga wani ruwa can ƙasar waje. Baba na zaune gefen gado. Sau biyu na ce a'a.

Kwana na biyar likitan ya ce, "Ƙodarka tana tsayawa, ni kuma lalube nake yi."

Sai na juya fuska ga bango na faɗi gaskiya.

Ashe cuta ce ta fitsarin ɓera da ke cikin ruwan rafin, ta raunin matsattsakun nan ta shiga. Anka soma allurar fenisilin ran nan. Bayan kwana huɗu kwalba ta cika. Ban taɓa murnar fitsari haka ba.

Ina godiya ga Allah, da likitan nan, da ma'aikaciyar jinya 'yar Danchadi da ke ba ni kunu da cokali.

Shawarata: in kun yi tafiya kunka dawo da zazzaɓi, ku gaya wa likita inda kunka taka, ko wa ke zaune wurin. Kada ku sa ƙafa mai rauni a ruwan da ba ku sani ba.

Ranar sallama, muna jiran mota, Baba ya dube ni.

"Alwala ce ka yi, na yafe," in ji shi. "Amma ruwa ya ɗauke mini guda, kai kuma ka so kunyata ta ɗauke na biyu ina zaune ina kallo?"

Allah ya jiƙan Baba.