Akwatin da Mai Kushin Ya Yi wa Faifai

Shekara talatin Mai Kushin yana gyaran kujeru, shekara talatin kuma yana kuka da surutun matarsa. Mutum ne mai taurin kai. In ya ce kujera za ta tashi, ko ƙafa ɗaya ta rage mata sai ta tashi. Matar kuwa tun daga bakin ƙofa take tarbarsa da faɗa: takalmi, ƙurar soso a gashi, maganin hawan jini.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama ta. Likita ya sa Alhamis za a yi aiki, bai kuma ɓoye musu ba, da wuya ta sake magana bayansa. Autarsu ta kawo tsohuwar kwamfuta da makirufo don a naɗi muryar uwar kafin ranar. Amma muryar ta riga ta koma raɗa, faifan ajiyar da ke jone da kwamfutar kuwa sai gurnani yake, har tebur na rawa. Da aka saurara, faifan ake ji, ba Mama ba.

"Ba ni shi nan," in ji Mai Kushin. "Yau zai yi shiru ko yana so ko ba ya so."

Ya yi masa abin da ya iya. Ya naɗe shi da soso, ya ja yadi ya ɗaure tamau. Shiru kam ya yi. Ba a jima ba Auta ta cusa hannu, ta fizge da sauri.

"Baba, dafa shi kake yi! Wannan ba kujera ba ce, iska yake so. In ya ƙone, ina za mu zuba muryar?"

Kunya ta kama shi, tsoro ma ya kama shi, don ranar Talata ce. Ya kwashi kayansa ya koma shago. Ya kifa wata kujera yana kallon robobin da ke ƙarƙashin mazauninta, waɗanda ke ɗauke da mutum ba tare da ya taɓa katako ba. Nan dabara ta faɗo masa. Ya haɗa ɗan akwati, ya liƙa soso a bangonsa kawai, ya ja roba huɗu ya rataye faifan a tsakiya, ba ya taɓa komai. Ya huda ƙofofin iska sama da ƙasa, ya karkata su don kada ƙara ta fita. Sau uku yana warwarewa, sau uku yana sakewa.

Ranar Laraba da hantsi aka kunna. Auta ta kara kunne, ta taɓa, ta gyaɗa kai. Mama ta matsa kusa da makirufo ta yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna wa mijin ƙofa, wai saura nasa, ya fita.

Aikin likita ya yi kyau, muryar dai ba ta dawo ba. Ranar da aka sallamo ta, Mai Kushin ya dawo daga shago ya tarar da gidan tsit. Shirun da ya shekara talatin yana nema ke nan, ya kuwa tsane shi. Mama tana zaune, ta miƙa yatsa ta danna kwamfutar. Muryar ta fito tas, ba gurnani ko kaɗan:

"Malam, cire takalmin nan. Ka sha maganinka kuwa?"

Ya sunkuya ya cire, ya daɗe bai ɗago ba.