Turmin da Babu Hatsi

Ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta ce ta tono mini wannan. Ina kishingiɗe, jikata mai karatun aikin jin daɗin jama'a a Dutsin-Ma tana bita da ƙarfi. Wai abin da jariri ke fara koya a duniya yarda ce, kuma a jikin uwa yake koyon ta. Ni da aji uku na firamare ya kayar, sai ga ni zumbur a zaune.

Ka san ni ɗan fari ne. A ƙauyenmu na Tamawa, can ƙasar Kurfi, inna ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunya. "Wancan" nake. Ƙannena na hawa cinyarta, ni ko kallo sai a sace.

Wata shekara bayan girbi na ce sai na gwada ta. Da hantsi na faɗa rumbun gero na lafe, ina jiran in ji kukanta. Kafin azahar gida ya kaɗa. Baffa ya leƙa rijiya, aka bi gonaki ana ƙwala mini kira. Inna kuwa daka take, tim, tim, ko tsayawa babu. Ƙaiƙayi na cin jikina, baƙin ciki na cin raina.

Atishawa ta tona ni. Kakata ta ɗaga murfi, muka haɗa ido. Ba duka, ba salati. Ta ja ni bayan danga, ta zauna a ƙasa daidai tsawona.

"Maigida, me ya kai ka?"

Na yi ta zuba da majina, ba ta katse ni ba har na ƙare. Sannan ta ce, "Je ka leƙa turmin uwarka."

Wayam. Ko ƙwaya babu. Tun hantsi turmi take duka, tafin hannunta duk ya yi bororo. Mutanen gida kuwa kaka ta ce musu barci ya sace ni, kuma har ta koma ga Allah ba ta canza magana ba.

Da na ba jikata wannan labari, sai ta wurgar da biro. "Alhaji, ai shi ke nan darasinmu. Ka sauko inda mutum yake, ka saurara kafin hukunci, ka riƙe sirri."

Ashe kakata farfesa ce, na kwana ɗaki ɗaya da ita ina jiƙa mata tabarma.

Iyayen yanzu suna kiran ɗan fari gatsau, har da sumba, mu tsofaffi muna taɓe baki. Amma ranar na tuna uban yarinyar nan, nawa ɗan farin, ya yi furfura bai ji sunansa a bakina ba. Na sa ta danna mini waya, na cije, na kira shi da sunan yanka.

Sai ya ce, "Baba, wa ya rasu?"