Azarar Soron Baba

Shekarar da kuɗin mai suka fara shiga aljihun ma'aikata, ƙanena da ke aikin gwamnati a Birnin Kudu ya iso Gwaram da bandir-bandir na kwano a bayan a-kori-kura, wai zai gina wa Baba ɗakin zamani. Unguwa ta taru tana kallo. Ni kuwa ina kan soron Baba, laka har gwiwar hannu, ko sannu ba wanda ya ce mini.

Soron nan ni nake riƙe da shi tun ina saurayi. Azarar giginya ce ke ɗauke da rufin, an shimfiɗa zana a kanta, an ɗora ƙasa. Duk shekara kafin ruwan fari sai na hau na yaɓe tsaga, na share indararo, don kada ruwa ya kwanta ya yi wa azara nauyi. Bangon kuwa kauri gare shi, rana ta wuni tana dukansa ba ta ratsa shi. Ka shiga da azahar, sanyi kamar gindin randa. Amma ban taɓa jin Baba ya sa mini albarka a kan wannan ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, wai kunya. Kunyar nan ta ishe ni!

Ɗakin bulo ya tashi, kwano na ƙyalli. Baba ya ɗauki buzunsa ya koma cikinsa. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ɗaga kai ya ga rufi, a yi ta yi wa ƙanena addu'a. Wallahi kishi ya ci ni, ko tuwo ba ya wuce mini. Na ce a raina, bari dai bazara ta zo.

Ta kuwa zo. Kwano ba silin, taga ɗaya tak, tun da hantsi ɗakin ya koma tanderu. Ina ganin tsoho yana fifita, gumi na bin gemunsa. Na share soron, na shimfiɗa sabuwar tabarma, ina jira.

Ran nan ya kira ni. "Kai, zo nan. Azarar soron can da sauran ƙarfinta?"

"Ko gara ba ta taɓa ta ba, Baba," na ce, ina washe baki.

"To madalla. Ka sauke ta, ka jera a ƙarƙashin kwanon nan, ka shimfiɗa zana a kai. Zafin ya yi yawa."

Da hannuna na fasa rufin, na sauke ta ɗaya bayan ɗaya, na jera inda ya ce. Ɗaki ya yi sanyi.

Limamin unguwarmu ya zo gaisuwa, ya zauna, ya miƙe ƙafa. "Kai, Malam, wannan ɗaki da ni'ima yake! Yaron nan na Birnin Kudu, Allah ya yi masa albarka."

Ina bakin ƙofa ina cire sartsen giginya daga tafina. Na tsaya, na dubi Baba.

"Amin," in ji shi.