Motar da Ba Ta Kai Affala Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin mutanen da na sha furarsu, amma ranar da kakana ya riƙe sitiyari ba ya ganin hanya, wannan kam tare za a binne mu.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, ina ɗan saurayi a Tawa, bakina ya fi jikina nauyi. Kakana tsohon direban kumandan ne, wato Baturen da ke mulkin garin. Tun yana yaro aka kamo shi daga Affala da igiya a ƙugu don aikin hanya. Daga fasa dutse ya koma wankin mota, daga wanki ya koma tuƙi. Da Nasara suka tashi tafiya, sai suka bar wata baƙar tsohuwar mota a bayan gidan kumandan, wadda ta daɗe da mutuwa har kaji sun yi jikoki a cikinta. Kakana ya roƙa aka ba shi. Bijimai biyu suka jawo ta zuwa ƙofar gidanmu, ya ɗora ta bisa duwatsu a inuwar dogon yaro.

Tun daga ranar ba shi da wani aiki sai ita. Ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su bisa tabarma kamar mai tallar kayan miya. Dukawa suka ɗinka mata kujerun jar fata. Maƙeri ya ƙera mata abin da babu a kasuwa. Duk saurayin da za shi cin rani Abijan sai tsohon ya tare shi, ya damƙa mishi wani ruɓaɓɓen ƙarfe ya ce ya nemo ƙaninsa.

Ba don haya yake gyaranta ba. Magana ɗaya gare shi: "Da igiya na bar Affala. Cikin motata za ni koma."

Ni kuwa, da yake jika ne, ina da lasisin tsokana. In na gan shi kwance ƙarƙashinta sai in laɓe bayan itacen in yi kukan inji da baki, har da tari da canjin giya. Rana ta farko sai da ya zabura ya buga goshi da ƙarfe.

"Ja'irin yaro! Bari in hito."

"Tsoho, ai gara ka ɗaura mata jaki. Ko ka sayar wa matata ta yi akurki da ita."

Matata ita ce kakata. Takan leƙo ta ce, "Miji na gari, bar abokin takararka ya yi wasanshi."

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne tsere yake yi da idanunsa. Yana kawo ƙusa dab da hanci kafin ya san girmanta, ni kuwa ina cewa sansanarta yake. Aikin da ya fi cin ransa shi ne na wayoyin wuta. Wayoyin motocin zamanin da naɗe suke da zare mai launi, ja da kore da rawaya, kuma launin ne ke gaya maka inda kowace ta dosa. Rani guda ya yi yana bin su da tsakar rana, lokacin da haske ya fi ƙarfi, hawaye na zuba. Da ya gama, ya aro batir wurin wani direban babbar mota, ya cusa ƙarfen tayarwa ta hancinta ya murɗa. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta girgiza, ta tashi! Awakin unguwa suka watse, na rantse akwai wadda ba ta tsaya ba sai Takanamat. Motar ba ta daɗe ba ta mutu, amma tsohon ya zauna a ƙasa yana dariya kamar yaro. Tayoyi kawai suka rage.

Damina ta shigo, idanun suka ƙara rufewa. Da kaka ta yi, babana ya matsa aka kai shi wurin likitan ido can Najeriya. Suna can aka kawo gero daga gona, ga shi ruwan shekarar ya tsaga mana rumbu ta gindi. Kakata ta dubi dammunan gero a tsakar gida, ta dubi awaki, ta dubi motar. Ga rufi, ga ƙofofi masu rufuwa, ga ta bisa duwatsu ba ta taɓa ƙasa. A idon duk wata macen Adar, wannan rumbu ne wanda Allah ya kawo. Muka cika ta da gero har saman kujeru, ina ta ihu wai mota ta samu fasinja. Babu wanda ya kawo ɓera a ransa. Tsakaninmu babu wanda ya san ɓera na cin mota.

Kusan wata biyu suka yi. Suka dawo babana na riƙe da sandarsa ta gaba. Likita ya ce an makara. Kakana bai ko sha ruwa ba ya ce a kai shi wurin motar. Lokacin an gyara rumbu, an kwashe geron. Yana buɗe ƙofa ya tsaya, ya ja numfashi ta hanci.

"Mi aka sa cikin motar ga?"

Kakata ta ce, "Gero ne, Malam. Rumbu ya tsage."

Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya fito da shi wani dunƙulen zare ne da kashin ɓera. Ya ce in duba mishi jar waya. Na durƙusa na leƙa. Ɓeraye sun cinye zaren tas, sun guntule wayoyin, sun ja wasu cikin kujera sun yi sheƙa. Abin da ya rage jan ƙarfe ne tsirara, duk kala ɗaya.

"Tsoho," na ce, "duka jajaye ne."

Rannan ne kaɗai na faɗi magana mai ban dariya ban yi dariya ba. Ya juya inda yake jin numfashin kakata.

"Geron ya tsira?"

"Ya tsira."

"To, alhamdu lillahi. Ba a cin ƙarfe."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta shiga ɗaki, kwana da kwanaki tuwo ba ya wuce mata. Masu gyaran mota na gari suka zo suka leƙa, kowa ya girgiza kai, don ba su taɓa buɗe irinta ba. Tsohon ya daina fita. Na daina kukan inji. Ƙofar gidanmu ta zama kamar an yi rasuwa ba a faɗa ba.

Ana nan sai ga wani ɗan cin rani ya dawo da tayoyin da aka yi saƙo. Muka rasa yadda za mu gaya mishi, amma ya ji ƙamshin roba. Ya ce a ɗaura. Da hantsi ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya lalubi ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ya ce kakata ta shiga baya. Ta ƙi, ya ce, "Ke, kumandan ma bai yi mini gardama haka ba." Ta shiga.

"Ja'iri, tara mini 'yan iskan abokanka su tura. Kai kuma zauna nan. Ina injin naka?"

Na shiga na zauna kusa da shi, ban tayar ba. Ya ce, "Tayar mana, mai ya yi tsada ne?"

Na tayar. Samari suka tura, ina kukan inji ina katsewa in ce dama, in ce hagu. Yana canja giya ina canja murya. Mutane suka fito bakin hanya, babu mai dariya. Haka muka bi har ƙarshen gari, inda hanyar Affala ta shiga rairayi, tayoyin suka nutse, masu turi suka gaza.

Ya ce, "Ku bar ta. Kai, kar ka kashe."

Na ci gaba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gaba da idanun da ba sa gani, yana faɗin hanya: ga fako, ga gangaren da ya fasa wa dutse, ga rijiyar da buzaye ke shayar da raƙuma, ga itacen gawon da uwarsa ta tsaya gindinsa ranar da aka tafi da shi. A nan ya taka birki.

"Kashe. Mun iso."

Kakata na kuka a baya. Tsohon bai kai wata damina ba. Affala kuwa bai sake taka ta ba, don ya ƙi a kai shi bisa jaki.

Na tsufa yanzu, na kuma yi ta jinkirta abubuwa ina cewa sai sun kammala. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in zuciyarka na son zuwa wani wuri, ka tafi tun idonka na gani, ko da ƙafa ne. In kuma ka ga tsoho na wasa da wani abu kamar yaro, ka tambaye shi ina yake son zuwa kafin ka yi dariya.