Tabarau ɗin Baba da Akwatin Alhaja

Yanzu idan aka aiko maka da kaya daga ƙasar waje, lamba ake ba ka, ka riƙa duba wayarka kana ganin garin da kayan suka kwana, har ranar da mai babur zai tsaya a ƙofar gidanka. A shekarun da kuɗin mai suka fara cika gari, ba haka muke ba a Fagge. Ma'aikacin gidan waya ba ya shiga lungu, gidajenmu ma ba su da lambar da wani ya sani. Wanda yake da akwati a gidan waya shi ne adireshin unguwa, kowa ya rataya sunansa a jikin nasa.

Namu akwatin na wata Alhaja ne, Bayarabiya Musulma haifaffiyar Kano, mai sayar da kwanuka da tangaran a kasuwar Sabon Gari. Mahaifinta ya yi karatu a wajen kakanmu, shi ya sa tun ina yaro wasiƙun gidanmu ta hannunta suke zuwa. Gidaje da yawa a Fagge haka suke yi. Takan karɓo wasiƙun ta zuba a wata fanteka ƙarƙashin teburinta, idan ta ga wani ɗan unguwa ya zo wucewa ta kira shi ta ba shi ya kai. Na zauna a Alƙahira, inda mai gadin ƙofa yake sanin kowa a bene, na kuma zauna a Ingila, inda lambar ƙofa kawai ake bi ko da mai gidan ya mutu bara. Tsarin Alhaja ya fi kama da na Alƙahira, sai dai ita rabin Fagge take riƙe da shi a ka, kuma ba ta karanta boko.

A shekarar da nake magana, an yi wa mahaifinmu aikin yanar ido. A lokacin idan aka cire yanar, sai an haɗa wa mutum wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba kafin ya ga rubutu. Asibitin suka ce nasu suna cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen kuma sun yi layi ba a san ranar sauke su ba. Baba malami ne, manyan mutane suke ɗaukar karatu a zaurensa bayan asuba da bayan la'asar. Ya ci gaba da biya musu da ka, amma wata rana ya kira ni ya ce, "Wanda ba ya ganin shafi bai kamata ya riƙe wa mutane littafi ba. Idan watan azumi ya kama ban ga rubutu ba, zan sallame su su nemi wani." Na san shi, in ya faɗa ya gama. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Ƙanwata tana Ingila a lokacin, ta bi mijinta da gwamnati ta tura kwas. Na aika mata da takardar awon idon. Bayan 'yan makonni wasiƙarta ta same ni a makarantar da nake koyarwa, tana cewa an haɗa tabarau ɗin, ta sa shi a ɗan kwali ta aiko ta jirgin sama, yanzu ma ya kamata a ce ya iso.

Ni kuwa ban daɗe da samun akwatina na kaina a gidan waya ba, ina ta alfahari da ɗan makullinsa. Na ɗauka can ta aiko. Kullum in na tashi daga aiki sai in hau Besfata in je in buɗe, ba komai. Na shiga wajen akawun da ke kula da ƙunshin ƙasashen waje, na faɗa masa cikakken sunan Baba. Ya bi littafinsa da yatsa shafi-shafi, ya ce babu. Na ba shi sunana, babu. Na ba shi sunan mijin ƙanwata ko an juya mai aikowa da mai karɓa, nan ma babu. Aka ce in gwada wajen kwastan a filin jirgi. Na je, suka ce duk abin da ya kai mako uku ya bar hannunsu. Na dawo gidan waya. Ban san ko kayan sun ɓata a Landan ba, ko suna Ikko, ko suna bayan kantar da nake jingine da ita.

A zuwana na huɗu akawun ya gaji da ni. Ya juyo da littafin gabana ya ce, "Malam, duba da kanka, wataƙila idonka ya fi nawa." Ban ga sunan kowa nawa ba. Lambar akwatin Alhaja na gani, da dangwalen yatsanta a gefe, alamar ta karɓa tun kwana goma sha. A gurbin sunan mai kaya an rubuta: Baba Malam, Fagge.

Na daɗe ina kallon layin nan kafin in gane. Ƙanwata ba ta taɓa furta sunan mahaifinmu ba tun da aka haife ta. Ko yaro ta gani mai irin sunan, mai sunan Baba take ce masa. Ni cike-ciken takardun makaranta da na fasfo sun sa na saba rubuta shi har na daina jin nauyi. Ita kuwa ta tsaya a gidan wayar Turawa da alƙalami a hannu, hannun ya ƙi. Sai ta rubuta abin da muke kiransa a gida, ta sa lambar akwatin da ta haddace tun ƙuruciya.

Na wuce Sabon Gari kai tsaye. Na tarar da Alhaja tana jera kwanuka.

"A'a, Ticha! Yau ka tuna da mu? Na ji an ce ka yi akwatinka, ka fi ƙarfin fantekata."

Na gaishe ta, na tambayi kwalin.

"Na Baba Malam? Ai tuni na aika masa. Har ya turo mini da turare na godiya."

"Alhaja, bai zo gidanmu ba."

"Me zai kai shi gidanku? Na Baba Malam mai turare ne, na bakin masallaci. Akawu ya ce mini daga Ingila. Wa yake da ɗa a Ingila in ba shi ba?"

Na ce ai ƙanwata ma tana can. Ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Wace? 'Yar ƙaramar nan da na yi wa gudummawar samira? Tana Ingila? Tun yaushe? Kun gaya mini? Ku 'yan boko haka kuke, ku kwashi yarinya ku kai ta bayan duniya ba sallama, sannan ku zo kuna tuhumata. Baba Malam nawa ne a Fagge, ka ƙirga? Ni huɗu na sani, ɗaya ma ya rasu har yanzu ana aiko masa da wasiƙa."

Ta yi ta faɗa da Hausa tana ƙarasawa da Yarabanci, tana tsammanin ba na ji. Da ta huce ta ce a hankali, "Ka bi shi a sannu. Shekara uku ɗan nasa bai rubuto masa ko layi ɗaya ba."

Na san Malam mai turare da gani. Tsoho ne siriri, yana sayar da turare da carbi a kan tabarma kusa da masallaci, yana kuma koyar da 'yan kasuwa karatu, shi ya sa mutanen layinsu suke ce masa Baba Malam. Na same shi zaune, tabarau ɗin yana ɗaure a goshinsa, sama da ido. Tun kafin in gama gaisuwa ya sauko da shi kan hanci don in gani. Idanunsa suka zama manya-manya a bayan gilashin. Ya miƙa hannu zai ba ni, ya kama iska, sai da na kai nawa hannun na tarbe shi.

"Ɗana ne ya aiko daga Ingila," in ji shi. "Mutane suna ta cewa ya manta da ni."

Na ce, "Baba, kana gani da shi kuwa?"

"Da sauƙi. Sai ido ya saba, na Turawa ne." Ya mayar da shi goshi, ya nemo kwalbar turare ya shafa mini a hannu. Sannan ya buɗe wani littafi ya zaro takardar da aka naɗe kwalin da ita, an ninke ta da kyau. "Kai da ka yi boko, karanta mini. Na ba mutum biyu sun karanta, amma ina son ji."

Rubutun ƙanwata ne, ko a mafarki na san shi. Na karanta masa, Baba Malam, Fagge. Ya gyaɗa kai yana murmushi. A bayan takardar akwai sunan mai aikowa, na ga gefen haruffan ta wajen ninkin. Ban juya ba. Ban sani ba ko mutum biyun nan ma ba su juya ba ne, ko sun juya sun yi shiru. Na yi masa sallama na tashi, na tura Besfata har gida ban ma tuna in hau ba.

Kwana biyu ina jujjuya abin. Na yi tunanin in sake aika takardar awo Ingila, amma zuwa da dawowa zai wuce farkon azumi. Na yi tunanin in tura Alhaja, tunda ta hannunta aka yi, sai na tuna bakinta. Har na yi tunanin in sayo wani tabarau a kasuwa in ce masa musanya aka yi a gidan waya, to wa zan ce ya aiko da na biyun? A rana ta uku na zauna na gaya wa Baba komai.

Ya tambaya, "Ƙanwar taka ce ta rubuta hakan?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya yi mata albarka." Ni kuwa da haushinta na zo. Ya ce in kama hannunsa bayan la'asar mu je.

Tsofaffin biyu sun san juna tun suna samari. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi iyali, suka tambayi waɗanda suka rasu. Ni ina gefe ina jiran Baba ya kawo maganar, bai kawo ba. Malam mai turare ne da kansa ya ce, "Malam, ka ga abin da yaron nan ya aiko mini?"

"Ina zan gani, Malam? Ai ka san an yi mini aiki."

"To riƙe ka ji nauyinsa."

Baba ya karɓa, ya shafa shi da yatsu, ya ce, "Ko in gwada?" Ya sa. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar masallaci, ya dubi ni, kamar yana lissafin furfurar da na yi tun rabonsa da ganina sosai. Sai ya ɗauki littafin da ke kan tabarma, ya buɗe tsakiya, ya fara karantawa a bayyane. Ya karanta shafi guda bai tsaya ba, har da ƙananan rubutun gefe.

Malam mai turare yana sauraro, yana kallon ƙasa. Da Baba ya kai ƙarshen shafin ya cire tabarau ɗin ya miƙa masa, bai karɓa ba. Ya ce, "Ka ga yaran zamani. Ya tafi ya daɗe har ya manta awon idon ubansa, ya aiko da na idon wani." Ya ɗan yi dariya. "Riƙe shi aro, Malam. Azumi ya matso, mutane suna jiranka. In ya dawo sai ya sayo mini daidai ni."

Baba ya ce, "Na karɓa aro. Allah ya dawo da shi lafiya."

Takardar naɗin kuwa Malam mai turare ya ci gaba da adana ta cikin littafinsa.

A hanya na ce, "Baba, ya gane ko bai gane ba?" Ya ce, "Ban tambaye shi ba, kai ma kada ka tambaya." Ya hana kowa a gidan ya ce tabarau ɗin namu ne. Duk sanda suka haɗu a masallaci, Malam mai turare yakan ce, "Yaya tabarau ɗina?" Baba ya ce, "Yana nan yana aiki, an gode." Har yau ban san wanne daga cikinsu yake rufa wa wani asiri ba. Na bar Kano zuwa wani aiki kafin in ji ko ɗan ya dawo.

Baba bai sallami ɗalibansa ba. Ya buɗe karatun azumi a ranar farko, ya ci gaba da koyarwa da wannan tabarau har ƙarshen rayuwarsa. Alhaja kuwa daga wannan karon ta ce wasiƙa za ta ci gaba da karɓa, amma ba ta ƙara dangwala yatsa a kan ƙunshin kowa ba. Gidajen Fagge da suka dogara da ita suka fara neman akwatinsu ɗaya bayan ɗaya, wasiƙun gidanmu kuma suka koma nawa, da cikakken suna a bayan kowace ambulan.